Tarihin Haɗin Gwiwar Jami'o'i Wajen Binciken Fari da Ambaliya a Fadamar Kogin Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda jami'o'in gida da na ƙetare suka haɗa hannu, tun daga farkon shekarun 1970 zuwa yau, wajen binciken masifu biyu da suke addabar mutanen fadamar Kogin Haɗeja, watau fari da ambaliya. Galibi idan aka yi maganar irin wannan haɗin gwiwa, hankali yakan tafi ne ga ƙasashen bakin teku. Alal misali, bayan ambaliyar teku ta 1953, wadda ta halaka mutum fiye da 1,800 a ƙasar Holand, gwamnatin ƙasar ta jingina da masanan ruwa na birnin Delft wajen tsara jingogi da ƙofofin da suka tsare gaɓarta. Haɗeja tana nesa da teku ƙwarai, amma mutanenta su ma mazauna gaɓa ne, domin arzikinsu da hasararsu duk ta hanya ɗaya suke zuwa, watau ruwan kogi.

Abin da muke son nunawa shi ne, binciken da aka gudanar a wannan fadama ya samar da ilmi ingantacce, har masanan wasu ƙasashe suka riƙa kafa hujja da shi, amma kaɗan ne daga cikinsa ya isa ƙofar madatsar ruwa, inda ake yanke shawarar yawan ruwan da za a saki da lokacin sakinsa. Babban dalilin haka, a ganinmu, shi ne yawancin ilmin ya zauna ne cikin ayyuka masu wa'adi waɗanda kuɗinsu ke zuwa daga waje, bai sami wata jami'a ta yankin da za ta riƙe shi bayan baƙi sun koma gida ba. Za mu fara da bayanin ƙasar da ruwanta, sa'an nan mu kasa tarihin zango uku, kafin mu faɗi abin da muke ganin ya kamata a koya daga gare shi.

2.0 Ƙasar da Ruwanta

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda suke gamewa kafin a kai Wudil. A can sama ƙasa mai dutse ce, ruwan sama kuma yana da yawa, saboda haka kogin yana tafiya da ƙarfi cikin kwari ɗaya. Da ya wuce Wudil sai ya faɗa cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi ta kwarin Tafkin Chadi, inda tsofaffin tuddan yashi suke tare masa hanya, ya rage gudu, ya rarrabu. Reshen Kafin Hausa yana ɓallewa kafin a iso garin Haɗeja. A gabashin garin kuma ruwan yana kasuwa tsakanin tsohuwar hanyar kogin, da Burum Gana, da Marma wadda take zubawa a Tafkin Nguru. Daga kudu kuma Kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi da Katagum. Kogunan biyu suna haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda yake bin iyakar Nijeriya da Nijar zuwa Tafkin Chadi.

Kafin a gina madatsun ruwa, kogin na damina ne kawai. Yakan fara cika wajen watan Yuli, ya kai matuƙa cikin Agusta da Satumba, ya malale fadama, sa'an nan ya fara janyewa da kaka, da rani kuwa ya ƙafe sai 'yan tafkuna. A kan wannan zuwa da komawa aka gina rayuwar Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa na yankin. Manomi yana da gero da dawa a tudu, yana da shinkafa a fadama wadda yakan shuka da ruwan farko domin ta yi ƙarfi kafin kogi ya iso. Idan ruwa ya janye sai ya bi laima da wake, a bakin rafi kuma ya yi lambun albasa da tattasai da jigo. Masunci yana kama tarwaɗa da karfasa lokacin da kifi ke komawa kwari, Bafillace kuma yana sauko da garkensa da rani ya sami ɗanyar ciyawa a inda shinkafa ta tashi. Fili ɗaya yakan ciyar da mutum uku a shekara, kowa da lokacinsa.

Wajibi ne mu lura da cewa wannan tsari yana da masanansa tun kafin a kafa jami'a a ƙasar nan. Tun zamanin ƙananan masarautun Auyo da Garun Gabas da sauransu, da kuma bayan kafuwar sarautar Fulani a Haɗeja a farkon ƙarni na 19, akwai sarakunan ruwa da bulamai da dattawan masunta waɗanda suka san inda ruwa ke bi, da lokacin da ake yashe bakin rafi, da wanda yake da hakkin su a kowane tafki. Zuwan Turawa a 1906 da isowar jirgin ƙasa Nguru a 1930 sun canza sarauta da kasuwa, amma ba su taɓa tafiyar kogin ba. Abin da ya taɓa ta ya zo ne a shekarun 1970.

3.0 Zango na Farko: Fari da Madatsar Tiga, 1972 zuwa 1986

Abubuwa biyu suka auku kusan lokaci guda. Na farko shi ne babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya game ƙasashen Sahel baki ɗaya. Na biyu shi ne ginin Madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda gwamnatin Jihar Kano ta Audu Baƙo ta kammala a 1974, mai iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An gina ta ne domin noman rani a Kadawa da Kura da kuma ruwan shan birnin Kano. A wancan lokaci Haɗeja tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya madatsar ta koma hannunta. A idon masu mulkin lokacin, madatsa ita ce maganin fari, ruwan da yake malala a fadama kuwa ana ɗaukarsa tamkar ruwan da ya ɓata a banza.

Masanan jami'a ne suka fara tambayar ko wannan zato gaskiya ne. A 1977 aka yi taro a Bagauda game da abin da farin ya bari, wanda aka buga takardunsa a Zariya a 1978 ƙarƙashin kulawar G. J. van Apeldoorn na Jami'ar Ahmadu Bello. A cikinsu akwai takardar Robert Stock, masanin labarin ƙasa wanda ya yi bincike a ƙasar Haɗeja, inda ya bayyana yadda raguwar ambaliya ta cutar da manoman shinkafa da masunta da makiyaya a masarautar. A Jami'ar Bayero ta Kano, E. A. Olofin ya yi nazarin abin da Madatsar Tiga ta haifar ga kwarin kogi a ƙasanta. Tina Wallace, ita ma daga Zariya, ta binciki halin manoman da aka ba filaye a aikin noman rani na Kogin Kano, ta nuna cewa amfanin aikin bai game kowa ba. A kwarin Sakkwato kuma W. M. Adams ya yi irin wannan nazari a kan manoman fadamar da ke ƙasan Madatsar Bakolori, abin da ya share masa hanyar zuwa Haɗeja daga baya.

Amma aikin da ya fi kowanne daɗewa a wannan zango shi ne na Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga 1962, sa'an nan ya zama Farfesan labarin ƙasa a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986. Ya zaɓi Dagaceri, wani ƙauyen Mangawa a arewacin ƙasar Haɗeja, ya riƙa komawa can shekara bayan shekara daga 1974 zuwa 1986, har farin 1983 da 1984 ya same shi yana kan aikin. Littafin da ya fitar a 1989 ya nuna cewa talakan karkara yana da dabarun tsira masu yawa: canza iri, saƙar igiyar kaba, cin rani, kiwon ƙananan dabbobi, da cin ganyayen daji idan abinci ya yanke. Abin lura a nan shi ne, a wannan zango yawancin masanan, baƙi da 'yan ƙasa, ma'aikatan jami'o'in Nijeriya ne. A nan suke koyarwa, a nan ɗalibansu suke, a nan kuma ake ajiye abin da suka rubuta. Rauninsu shi ne ba su da kayan auna ruwa masu yawa, muryarsu kuma ba ta kai ta kamfanonin ba da shawara da gwamnati take ɗauka ba.

4.0 Zango na Biyu: Aikin Fadamar Haɗeja da Nguru, 1987 zuwa 1999

A 1987 aka kafa Aikin Kare Fadamar Haɗeja da Nguru, mai ofis a garin Nguru. Waɗanda suka kafa shi sun haɗa da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya. Abin da ya fara jawo hankalinsu shi ne tsuntsayen ruwa da suke tasowa daga Turai da hunturu su ƙetare Sahara su sauka a fadamar. Ba a daɗe ba suka gane cewa ruwan da tsuntsu ke nema shi ne ruwan da manomi da masunci ke nema, saboda haka ba yadda za a kare ɗaya a bar ɗaya. Daga nan aka gayyato jami'o'i: G. E. Hollis da ɗalibinsa J. R. Thompson daga Kwalejin Jami'ar Landan domin nazarin ruwa, W. M. Adams da Kevin Kimmage daga Jami'ar Kambirij domin nazarin noma da zaman jama'a, da Edward Barbier domin lissafin tattalin arziki. A ɓangaren gida akwai Dr. Muhtari Aminu-Kano, wanda ya shugabanci aikin, kuma tare da shi Hollis da Adams suka shirya littafin 1993 wanda har yanzu shi ne madogarar masu nazarin wannan fadama.

Sakamakon binciken ya kasu gida uku. Da farko, ta hanyar kwatanta hotunan jirgin sama na shekaru daban-daban, an nuna cewa filin da ruwa yake malalewa ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma hekta 70,000 zuwa 100,000 a ƙarshen shekarun 1980. Na biyu, Hollis da Thompson suka gina lissafin kwamfuta mai kwaikwayon tafiyar kogin, wanda ya ba da damar raba laifin fari da laifin madatsa, ya kuma nuna cewa ambaliya ita ce take cika ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda rijiyoyin ƙauyuka suke sha. Na uku, Barbier da abokansa suka auna abin da fadama take samarwa ta noma da su da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na Kogin Kano yake samarwa. Suka sami cewa idan aka yi lissafi da yawan ruwan da kowane ɓangare ke sha, ribar fadama ta ninka ta noman madatsa sau ɗaruruwa. A wani nazari na 1998, Barbier da Thompson sun nuna cewa ko an kammala dukan ayyukan noman rani da aka tsara a sama, ribarsu ba za ta mayar da kashi ɗaya cikin biyar na hasarar da fadama za ta yi ba.

A daidai wannan lokaci wani haɗin gwiwa yana gudana a gabas. A 1990 aka fara Shirin Raya Busasshen Yankin Arewa maso Gabas a ƙasar Gashuwa da kuɗin Tarayyar Turai, kuma a gefensa aka ƙulla zumunci tsakanin Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Silsoe ta Jami'ar Cranfield a Ingila. Daga wannan zumunci ne T. M. Hess da W. Stephens da U. M. Maryah suka fitar da nazarin 1995, wanda ya nuna cewa tsakanin 1961 da 1990 ruwan saman yankin ya riƙa raguwa da kimanin milimita 8 a kowace shekara. R. C. Carter da A. G. Alkali kuma suka yi nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa mara zurfi. Wannan batu ya zama muhimmi domin bayan hana shigo da alkama a 1987, ƙananan injunan ban-ruwa sun maye gurbin jigo a fadamu, ana zuƙar ruwa fiye da da.

Shawarar da masanan suka bayar a fili take. Ba su ce a rushe madatsa ba. Sun ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun cikin damina, musamman a watan Agusta, domin a kwaikwayi ambaliyar asali, a rage sakin da ake yi da rani, kuma a yi hattara da ginin Madatsar Kafin Zaki da aka tsara a kan Kogin Jama'are, tun da shi ne kogin da ya rage ba a tare ba. An tattauna waɗannan batutuwa a wani taro da aka yi a Cibiyar Nazarin Manufofi ta Kuru a 1993. Sai dai kafin nan, a 1992, an riga an kammala Madatsar Challawa, an kuma datse kogin kusa da Auyo domin aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Daga nan abubuwa suka fara warwarewa. A ƙarshen 1995 Tarayyar Turai ta dakatar da taimakonta ga Nijeriya saboda dalilan siyasa, a 1996 Hollis ya rasu, kuma sakin ruwa irin wanda aka ba da shawara bai zama ƙa'idar da ake bi kowace shekara ba. Madatsar Kafin Zaki dai ba a kammala ta ba, kuma muna ganin hujjojin wannan bincike suna cikin abin da ya ƙarfafa masu adawa da ita a jihohin Yobe da Borno.

5.0 Zango na Uku: Kacala da Ambaliya, 2000 zuwa Yau

Masanan zango na biyu sun fi jin tsoron ƙafewar fadama. Abin da ya biyo baya ya zo da wata fuska dabam. Domin biyan bukatar birnin Kano da gonakin noman rani, an ci gaba da sakin ruwa daga madatsun duk tsawon rani, kogin da yake ƙafewa wata da watanni ya koma mai gudana kullum, amma a hankali. Ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta yaɗu a hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka, kwarin ya cike. Tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana suka toshe, mafi yawan ruwa ya karkata zuwa Marma da Tafkin Nguru. Sakamakon haka gonakin wasu ƙauyuka suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma a gabas suka rasa ruwa sam. Kacalar ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki masu cinye hatsi, da sauro, da dodon-koɗi mai ɗauke da cutar tsargiya.

Da ruwan sama ya fara dawowa bayan shekarun fari, sai ya tarar da kogin da ba shi da hanya. An yi mummunar ambaliya a Kano da Jigawa a ƙarshen Agustan 2001. An sake yi a 2010, inda jami'an Jihar Jigawa suka ɗora laifi a kan sakin ruwa daga madatsu, hukumar kogunan kuma ta musanta. A 2012 da 2018 da 2020 da 2022 ruwa ya sake cin gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi irin su Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kirikasamma da Haɗeja. A irin waɗannan shekaru mutanen garin Haɗeja sukan kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa domin kada ruwa ya shiga gari. Gardamar 2010 abin dubawa ce, domin da akwai awon ruwa na kullum wanda kowane ɓangare ya yarda da shi, da lissafi ne zai raba ta.

Ba a zauna haka kawai ba. A 2000 aka sa Tafkin Nguru da hanyar Marma, mai faɗin hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 kuma aka ƙara da dajin Baturiya. A farkon shekarun 2000 hukumar raya ƙasashe ta Ingila ta ɗauki nauyin wani aiki wanda ya tara manoma da masunta da makiyaya da ma'aikatan gwamnati su yi shawara tare, aka kuma yi aikin gayya na yashe hanyoyin ruwa. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohin Bauchi, Borno, Filato, Jigawa, Kano da Yobe tare da Gwamnatin Tarayya suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, suka kafa asusun amana domin gudanar da shi. Daga 2014 kuma shirin gyaran noman rani na TRIMING, da rancen Bankin Duniya, ya shigo kwarin Haɗeja. A ƙarƙashinsa ne Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta haɗa kai da Jami'ar Fasaha ta Madrid a Sifen, da Jami'ar Maryland a Amurka, da cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, domin gwada mayar da kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Wannan haɗin gwiwa ya bambanta da na baya ta wajen cewa jami'ar da take bakin kogin tana cikin masu riƙe da ragamarsa. Amma shi ma aiki ne mai wa'adi, kuma yana magance kacala ne bayan ta tsiro, bai shafi yadda ake sakin ruwan da ke shuka ta ba.

6.0 Abin da Tarihin Ya Koya Mana

Darasi na farko shi ne fari da ambaliya a wannan fadama matsala ɗaya ce. Hannun da ya rage ruwan Agusta shi ne ya ƙara ruwan Maris, daga nan kacala ta samu, daga kacala kuma ambaliya ta ƙara muni. Ruwa ba ya tsami banza. Duk binciken da ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya zai ba da rabin amsa ne.

Na biyu, dogon zama ya fi yawan kuɗi amfani. Kogin Sahel ba ya nuna halinsa cikin shekara uku. Abin da ya ba aikin Dagaceri daraja shi ne shekara goma sha uku da aka yi ana komawa wuri ɗaya, har aka ga shekarun ƙoshi da na yunwa. Aikin da ya fara cikin fari ya ƙare cikin fari zai zaci fari ne kaɗai abin tsoro.

Na uku, rabon aiki tsakanin abokan tarayya bai daidaita ba. A zango na biyu, yawancin lissafi da rubutu an yi su ne a Landan da Kambirij, an kuma buga su cikin Ingilishi a mujallun da ɗalibin Kano ko Maiduguri yake shan wahala kafin ya gani, balle bulama ko sarkin ruwa. Ba muna zargin baƙin da mugun nufi ba ne, domin sun yi aiki tuƙuru, sun kuma faɗi gaskiyar da ba a son ji. A shekarun nan jami'o'inmu suna fama da ƙarancin kuɗi da yajin aiki da ficewar malamai, ba su da ƙarfin karɓar abin da aka miƙo musu.

Na huɗu, ilmi ba ya aiki da kansa. Kogi ɗaya ne, amma ƙofofin madatsu suna hannun hukumar tarayya, ruwan sha da gona suna hannun jihohi, masu shan wahala kuma suna ƙauyukan da ke nesa da ofisoshin duka biyu. Mai lissafin ruwa zai iya nuna abin da ya fi riba ga jama'a baki ɗaya, amma birnin Kano da manoman Kura suna da murya a wurin masu mulki fiye da masuncin Guri.

7.0 Kammalawa

Halin da ake ciki yanzu ya bambanta da na 1987 ta fuska ɗaya mai muhimmanci: yankin ya sami jami'o'insa. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamiɗo, a 2013, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a wannan shekarar. A Jami'ar Bayero kuma akwai Cibiyar Nazarin Noman Busasshiyar Ƙasa tun 2012. Saboda haka uzurin cewa babu wanda zai riƙe ilmin ya kau.

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, waɗannan jami'o'i su haɗu su kafa taska guda ta bayanan kogin, a tattaro rahotanni da taswirori da alkaluman awo na shekaru hamsin da suka wuce, har da waɗanda ke ajiye a jami'o'in Ingila, a ajiye kwafinsu a Kafin Hausa ko Gashuwa. Na biyu, su ɗauki nauyin karanta ma'aunan ruwa a Wudil da Haɗeja da bakin Marma da Gashuwa kowace rana, tare da hukumomin da abin ya shafa, su riƙa bayyana sakamakon ga kowa, ko akwai kuɗin waje ko babu. Na uku, duk yarjejeniyar da za a ƙulla da wata jami'ar ƙetare ta ƙunshi sharaɗin cewa lissafin kwamfuta da bayanan da aka tara za su zauna a nan, a kuma horar da waɗanda za su ci gaba da su. Na huɗu, a riƙa fassara sakamakon bincike da gargaɗin ambaliya cikin Hausa, a watsa ta rediyo da wayar hannu, a kuma zaunar da sarakunan ruwa da shugabannin manoma da makiyaya a teburin da ake tsara jadawalin sakin ruwa, domin su ne suka fara ganin kacala tun kafin ta shiga littafi.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba mu da shakka cewa za a ci gaba da bukatar abokai daga nesa. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, tilas hannu ɗaya daga cikin masu ɗaukar ya zama na mai ɗakin. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malaman labarin ƙasa da na aikin gona da na tarihi, za su faɗaɗa abin da muka taƙaita a nan. Allah ya sa mu dace.